The Tenant of Wildfell Hall bugun Penguin: ya ci kuɗinsa, amma a duba shafin farko kafin a biya

Masu tambayata wane littafin Turawan da za su fara da shi in suna son labarin soyayya da zaman aure, to ga amsata, ku nemi The Tenant of Wildfell Hall na Anne Brontë. Wanda ke hannuna bugun Penguin Classics ne mai baƙin bango, wanda Stevie Davies ta yi wa gabatarwa da ƙarin bayani a baya, ya haura shafi 500, takardar ba ta da kauri sosai kuma rubutun ƙanana ne, mai matsalar ido sai da tabarau. Amma ɗinkin ya riƙe, ya sha yawo a jaka bai zubar da shafi ko ɗaya ba.

Abu na farko kafin labari, don wannan shi ne inda ake cutar mai saye. Littafin ya fito a 1848, amma a 1854 bayan rasuwar marubuciyar wani mai ɗab'i ya fitar da bugu mai araha wanda aka yanke wurare da yawa a ciki, kuma har yau akwai bugu masu araha da kwafin da ke yawo a intanet da suke bin wannan yankakken. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, cikakken yana farawa da wasiƙar da Gilbert Markham ya rubuta wa abokinsa Halford, in ka buɗe ka ga an zarce kai tsaye cikin labarin kakar 1827 ba wasiƙar, to ajiye musu kayansu. Na Penguin ɗin nan cikakke ne, na Oxford World's Classics ma haka.

Labarin kuwa, wata mata ce ta tare a wani tsohon gida da ya kusa zama kango a ƙauye, ita da ƙaramin ɗanta da tsohuwar mai aikinta Rachel, tana sa baƙaƙen kaya kamar mai takaba, tana kiran kanta Misis Graham, tana zane tana sayarwa su ci abinci. Kun san ƙauye da gulma, nan da nan aka fara ƙus-ƙus, wai mai gidan hayar, Frederick Lawrence, yana zuwa wurinta da dare, wai yaron ma kama yake da shi. Gilbert manomi ne da ya kamu da sonta, da kishi ya ci shi sai ta miƙa masa littafin da take rubuta sirrinta ta ce ya karanta. Daga nan ne littafin ya zama wani abu daban, wallahi daga nan ban ƙara iya ajiye shi da daɗin rai ba.

Sunanta na gaskiya Helen, tana da shekara 18 ta ƙyalla ido ta ga Arthur Huntingdon, kyakkyawa, mai barkwanci, mai kuɗi. Antinta da ta riƙe ta ta zaunar da ita ta ce ki fara nazarin halin mutum, in kin yarda da shi sannan ki so shi. Helen ta ce ta san yana da 'yan halaye amma ita za ta gyara shi. Wannan “zan gyara shi” ɗin ba wanda bai taɓa jin ta a bakin wata ƙanwa ko ƙawa ba, shi ya sa wurin ya tsaya min a rai. Kuma Anne ba ta mai da Arthur dodo tun farko ba, a hankali take nuna shi, yau ya ba ta labarin tsoffin matan da ya yi hulɗa da su yana dariya don ya ga ranta ya ɓaci, gobe ya ce zai je Landan na ɗan lokaci ya share watanni, jibi ya yi kishi da ibadarta wai tana son Ubangiji fiye da shi, har jaririn da ta haifa masa kishi yake da shi. Ga giya, ga abokan banza da yake tarawa a gidan Grassdale, ga Annabella matar abokinsa Lord Lowborough da yake nema a cikin gidan matarsa.

Duk wannan Helen ta shanye. Abin da ya sa ta yanke shawarar gudu shi ne da ta ga uban da abokansa suna ɗura wa yaron giya suna koya masa zagi, yana zagin uwarsa suna tafa masa. Ta fara tara kuɗin zane a ɓoye, Arthur ya ƙwace littafin sirrin ya karanta, ya karɓe makullanta, ya kwashe kuɗi da sarƙoƙinta, ya sa aka ƙone kayan zanenta. A nan bayanan bayan littafin suka yi min amfani, don a dokar Ingila ta lokacin abin da ya yi ba laifi ba ne. Matar aure ba ta da dukiyar kanta, abin da ta samu da guminta na miji ne, sai a 1870 aka fara ba ta haƙƙin kuɗin da ta nema, cikakken haƙƙin mallaka sai 1882. 'Ya'ya na uba ne, sai 1839 uwa ta samu damar roƙon kotu a ba ta 'yan ƙasa da shekara 7. Saki kuwa kafin 1857 sai majalisar dokoki ta yi doka a kan auren mutum ɗaya, masu hannu da shuni kaɗai ke iyawa. Ke da kika tashi kin san sadakinki da gadonki da kuɗin sana'arki naki ne a shari'a, za ki riƙe baki. Wato da Helen ta ɗauki ɗanta ta gudu, a idon doka ita ce mai laifi.

Inda na fi so a littafin ma ba wurin tashin hankali ba ne, a babi na 3 ne, ana zaune a falon su Gilbert aka miƙa wa yaron giya ya kau da kai, mahaifiyar Gilbert ta ce ai za ki mai da shi rago. Gilbert ya kawo hujjar wai namiji sai ya sha gwagwarmayar duniya yake ƙarfi, Helen ta tambaye shi to mace fa, me ya sa ita ake killace ta kar ta san komai, shi kuma a sake shi ya ɗanɗani komai? Ta ce duka biyun cuta ce. Sannan ga Rose ƙanwar Gilbert tana ƙorafi cewa in ita ce ta makara ba mai ajiye mata shayi, amma in yayanta ne sai a tashe ta ta dafa sabo, uwar kuma ta ce a gida abin da ya yi wa maza daɗi shi ake dubawa, mata ko me aka samu ya ishe su. Shekara 170 da ɗoriya da rubuta wannan fa.

Abin da bai min ba shi ne Gilbert ɗin kansa. Mutumin da ya mangare Lawrence da ƙotar bulala ya faɗo daga doki ya bar shi a hanya jina-jina saboda zargi kawai, ashe ɗan'uwan Helen ne, shi ne kuma aka ba mu a matsayin mijin kirki. Ya nemi afuwa, ya yi jiran shekaru, ya so yaron tsakani da Allah, amma ni har na rufe littafin zuciyata ba ta gama kwanciya da shi ba. Komawar da Helen ta yi ta yi jinyar Arthur da ya faɗo daga doki ma za ta raba kan masu karatu, wasu za su ce wauta ce, ni dai na ga ba a matsayin baiwa ta koma ba, don sai da ta sa ya rattaba hannu a takarda cewa yaron na hannunta kafin ta bari ya gan shi. Wa'azi yana da ɗan yawa a wuraren nan, ayoyin Baibul birjik, wani zai gaji.

Anne ta san abin da take rubutawa, yayanta Branwell giya da ƙwaya ne suka lalata shi a gaban idonta, ya rasu a Satumba 1848, watanni kaɗan bayan fitowar littafin. Da sunan Acton Bell ta fitar da shi, masu sharhi suka ce ya yi tsauri bai dace mata su karanta ba, ta mayar musu da martani a gabatarwar bugu na biyu, wadda ita ma tana cikin wannan bugun, kar ku tsallake ta. Ta rasu a 1849 tana da shekara 29, yayarta Charlotte kuma ta ƙi bari a sake buga shi a lokacin, abin da ya ja aka daɗe ana mantawa da ita.

Turancin na da ne, jimloli dogaye, babin farko-farko suna jan ƙafa da ziyarce-ziyarcen maƙwabta, sai ka daure ka kai babi na 16 inda muryar Helen ta karɓa. Gabatarwar Stevie Davies kuma ku bar ta sai kun gama, don ta fallasa ƙarshen labarin gaba ɗaya.