Injin filasma da ya ƙone mini a tsakiyar aiki, da abin da mai gyara ya gano a cikinsa

Na fi shekara 15 ina sana'ar walda a Kano, kuma kusan duk tsawon wannan lokaci da gas da giranda nake yankan ƙarfe. Abin da ya sa na sayi ƙaramin injin filasma, wato injin da ke yankan ƙarfe da wutar lantarki da iska mai matsi, irin mai amfiya 40 ɗin nan da ya cika kasuwa, shi ne yawan masu neman ƙyauren gida mai zanen furanni, wanda wutar gas ke lanƙwasa farantinsa kafin a gama fitar da zanen. A watannin farko na ji daɗinsa ƙwarai, domin yana ratsa faranti mai kaurin milimita 3 kamar ana yankan kwali, bakin yankan kuma ba ya bukatar guga mai yawa. Har alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda gas ba ya iya yankawa yadda ya kamata, na yanka da shi. Na yabe shi a gaban abokan sana'a, har mutum biyu suka saya saboda maganata, kuma wannan ne ya fi ci mini rai daga baya.

A watan Afirilu, tsakiyar bazara, na karɓi aikin ƙyaure uku na wani gida da ake son tarewa a cikinsa. Da hantsi ƙaramar fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa da ke jikin injin ta kama, injin ya tsaya, na jira ta mutu na ci gaba. Haka aka yi sau biyu. A karo na uku fitilar ba ta ma kama ba, sai na ji ƙara daga cikin akwatin kamar an fasa ƙwai, wutar shagon ta ɗauke, warin ƙonanniyar roba ya cika wurin. Na ɗauke shi a ranar na mayar wa wanda ya sayar mini, ko buɗe shi bai yi ba ya ce: "Maigida, wutarku ce ta ƙona shi, garanti bai shafi ƙuna ba." Na tuna masa cewa da bakinsa ya ce injin zai wuni yana aiki, ya ce bai tuna ba.

Wani abokin sana'a ne ya kwatanta mini wani mai gyaran injinan walda na zamani, kuma aikin wannan bawan Allah ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Da ya kwance murfin, bai sa hannu ciki ba sai da ya jona ƙwan lantarki a ƙafafun manyan kwandensa, ƙwan ya yi haske ya mutu. Ya bayyana mini cewa wutar gida mai ƙarfin 220 idan ta shiga injin ana mayar da ita kusan 310 a cikin waɗannan kwandensa, kuma suna iya riƙe ta ko bayan an zare filogi, ta yadda za ta iya halaka mai gaggawa. Bayan haka ya kai hancinsa kusa da fanel yana bin warin, sannan ya haska tocila ya nuna mini inda koren fanel ɗin ya koma ruwan ƙasa kewaye da ƙafafun tiransista, wato ƙananan sassan da ke kunna wuta da kashe ta a cikin injin. Ɗaya daga cikinsu ya tsage a tsakiya, amma ya ce wanda ido ya gani ba shi kaɗai ba ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, ya tarar na kusa da shi ma ya haɗe ta ciki duk da jikinsa lafiya lau, sannan ya gano ƙananan razisto biyu da ke ba su umarni sun ƙone, da kwandensa ɗaya da kansa ya kumbura.

Na ce masa ya canza su kawai, domin mai aiki yana ta kira. Ya ce: "Alhaji, idan na canza ban san abin da ya kashe su ba, bayan mako biyu za ka dawo kana zagina." Ya kwance tiransistocin daga jikin farantin alminiyam da ke zuƙe musu zafi, sai ga farin man da ake shafawa a tsakaninsu ya bushe yana marmashewa kamar alli, an kuma shafa shi sama-sama tun daga masana'anta, har noti ɗaya bai ɗauru sosai ba. Ramukan farantin kuwa sun toshe da ƙurar hunturu da ta yi kauri kamar bargo. Ya ɗauko maganaɗisu ya kusantar da shi, sai garin ƙarfe ya riƙa tashi yana maƙalewa a jikinsa. Wannan garin daga girandata yake, fankar injin ce take zuƙo shi ciki, kuma tunda wutar lantarki tana bi ta cikin ƙarfe, yana iya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba. A nan na yarda cewa ina da nawa kason laifin, domin a gefen bencin guga nake ajiye injin.

Sai dai da ya gama gyaran ya gwada shi, fushina ya koma kan injin da mai sayar da shi. An rubuta kashi 60 cikin 100 a jikinsa, wato a kowane minti 10 ya yi yanka na minti 6 ya huta na 4, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce a auna wannan a zafin maki 40. Mai gyaran ya ɗora shi a kan cikakken ƙarfinsa yana auna farantin da na'urar auna zafi daga nesa, ba a kai minti 4 ba ya yanke, alhali yana tas, da sabon mai da sabuwar fanka. A Kano zafin Afirilu yakan kai maki 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Ke nan abin da aka rubuta a jikinsa ya fi ƙarfinsa, kuma wanda ya ce mini zai wuni yana aiki ya sayar mini da magana ne.

Bai tsaya a akwatin ba, ya nemi in kawo kan yankan. Ya kwance nozul, wato bakin da wutar yanka ke fita, ya nuna mini yadda ƙofarsa ta buɗe ta karkace, sannan ya nuna ramin da ya zurfafa a tsakiyar ilaktirod, wato sashen da wutar ke tashi daga gare shi, inda ɗan ƙarfen hafniyom yake, ya ce da zarar ramin ya wuce milimita 1 a fara shirin canza su tare. Wutar da ke fita ta wannan ƙaramar ƙofa tana haura maki 20,000, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya kan, shi ya sa take ci gaba da hurawa na ɗan lokaci bayan an saki maɓalli. Yarana kuwa kashe injin suke yi nan take don kada kwamfuresa, injin da ke ba shi iska, ta tashi. Da na koma shago na buɗe mazurarin da ke ƙasan tankin kwamfuresa kamar yadda ya umarce ni, jan ruwa mai tsatsa ya kusa cika gwangwanin madara, kuma shi ne yake cinye mini nozul da wuri ina zargin masu sayarwa.

Yanzu injin yana kan kanta nesa da giranda, muna zubar da ruwan tanki kowace safiya, muna hure cikinsa da busasshiyar iska kowace Alhamis bayan an zare filogi ya huce, iskar yanka kuma na tsayar da matsinta kusa da 5 a ma'aunin "bar". Yana yanka da kyau, ba zan hana shi wannan ba, kuma mai ƙaramin aiki a faranti mara kauri zai amfana da shi. Amma duk lokacin da na tsaya ina jiran ya huce da rana tsaka, sai in tuna ƙyauren nan uku da na kai bayan kwana 9 da alkawari, da kuɗin gyaran da na biya daga aljihuna alhali takardar garanti tana cikin durowa. Mutum biyun da suka saya saboda ni na je shagunansu da kaina, na ce su kai nasu a buɗe a canza man kafin bazara ta dawo.