Kufan Hara ko na Takamatsu: wanne ya fi cancantar ziyara?

Duka biyun kufai ne a Japan, ba fadar da ta saura a tsaye, amma labarinsu ya sha bamban.

Takamatsu na yankin Bicu, kusa da Okayama, labarin dabara ne. A 1582 sarkin yaƙi Toyotomi Hideyoshi, da ya zo cin fadar da yaƙi, ya tarar fadar na tsakiyar fadama, hari ba zai yiwu ba. Sai ya sa aka gina madatsar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 3, aka karkato kogin Ashimori, damina ta ƙarasa aikin. Fadar ta koma tsibiri. Shugaban masu tsaron fadar, Shimizu Muneharu, ya kashe kansa cikin kwalekwale domin a bar mutanensa da rai. Yau wurin lambu ne, jirgin ƙasa kan kai mutum daga Okayama ba wahala.

Hara kuwa, a jihar Nagasaki, ta fi nauyi a zuciya. Manoma ne kusan 37,000, galibinsu Kiristoci, haraji da tsangwamar addini suka ishe su, suka yi tawaye a ƙarshen 1637, suka fake a nan ƙarƙashin wani matashi, Amakusa Shiro. Sojojin gwamnati fiye da 120,000 suka kewaye su, har jirgin yaƙin Holan ya yi musu luguden wuta daga teku. Yunwa ta karya su, a Afrilun 1638 aka hallaka kusan kowa. Masu tono sun gano ƙasusuwa da ƙananan gicciye na darma. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2018.

Mai gaggawa ya nufi Takamatsu. Ni dai Hara zan zaɓa, duk da nisan hanyar.