Sharhi Kan Fasfo Mai Shafin Roba Bayan Shekara Uku a Hannuna

Tsohon fasfona ya lalace ne a wata damina, lokacin da ruwan sama ya riske ni a kan babur tsakanin Tudun Wada da babbar kasuwar Gombe. Ko da na shanya shi, ledar da ke rufe shafin hotona ta fara ɗagowa daga gefe, kuma tun daga ranar duk jami'in da na miƙa wa sai ya jujjuya shi yana dubana. Shi ya sa da lokacin sabuntawa ya yi na zaɓi mai shafi 64 na shekara 10, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2019.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne shafin bayanai. An yi shi da roba mai tauri da ake kira folikabonet, kamar katin banki, kuma da hasken leza aka ƙona hoto da suna a cikin jikin robar, saboda haka babu wata leda da za ta ɓare, babu tawadar da za ta zuba. Na yi Umara da shi sau biyu, yana rataye a 'yar jakar wuya cikin zafin Makka, gumi ya jiƙa bangon har ya ɗan tanƙware, amma shafin yana nan kamar ranar da na karɓa.

Ita kuwa ƙwayar lantarkin da aka binne a ciki, wato cif, ba ta da batir, daga na'urar da ke karanta ta take samun wuta idan an kusanto su. Najeriya ta fara amfani da fasfo mai ƙwayar lantarki tun 2007, bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO. Na tabbatar da lafiyar ƙwayar da idona a watan jiya, sa'ad da ɗana ya ɗauki hoton layuka biyu na haruffa da lambobi da ke ƙasan shafin bayanai da wata manhaja, ya ɗora wayarsa a kan fasfon, sai ga hotona da ranar haihuwata sun bayyana.

Sai dai kada a ɗauka cewa duk littafin ne ya zama roba. Shafukan biza takarda ce, ruwa zai yi musu lahani, kuma ɗinkin da ya haɗa shafin mai tauri da sauran yana buƙatar lallaɓawa. Na daina sa shi a aljihun wando, domin zama a kansa na iya karya siririyar wayar da ke kewaye da ƙwayar, na'ura ta kasa karantawa alhali ido bai ga wani aibu ba. Kuɗinsa ma ya yi nauyi ga talaka, amma ga ɗan kasuwa mai yawan fita irina, ina ba da shawarar a ɗauki na shekara 10, a kuma tabbatar sunan da ke lambar NIN ya dace da na takardu kafin a biya.