Balan-balan ko ɗinkin tumbi: wanne ya fi rage ƙiba?

Yayata a Sakkwato ce ta tambaye ni, ƙiba ta hana ta hawan bene. Duka biyun ta baki ake zura bututu mai kyamara, ba a tsaga ciki.

Balan-balan ana cika shi da ruwan gishiri a cikin tumbi, loma uku na tuwo sai mutum ya ture kwano. Bayan wata 6 a cire shi, kuma sau da yawa ƙibar takan dawo. Kwanakin farko amai ne kawai, ga zafin Afrilu na garin nan, dole a dage da kurɓar ruwa.

Ɗinkin kuwa tsuke tumbin ake yi da zare. Ya fi daɗewa, ya fi zubar da nauyi, sai dai tsada. Na ce mata: "Yaya, in aljihu zai ɗauka, ɗinkin."