Kulob ɗin guje-guje da tsalle-tsalle na yara: ga ra'ayina kafin ku biya kuɗin rajista

Iyaye da yawa suna tambayata ko kulob ɗin da 'yata take zuwa ya cancanci a saka yaro, to bari in faɗi ra'ayina gaba ɗaya kowa ya gani. Gaskiya ina yaba musu, kuma babban dalilina shi ne ba sa gaggawar mayar da yaro zakara. 'Yata shekararta 12, tana da gudu sosai, ni kam da na so a bar ta a mita 100 kawai, koci ya ce a'a Baba, a wannan shekarun sai ta taɓa komai, gudu da dogon tsalle da jifa da tsallake shinge, sai ta kai kamar 15 ko 16 a ga inda jikinta ya fi karkata. Yanzu dogon tsalle ta fi so ma fiye da gudun.

Yadda suke koyarwa shi ya fi burge ni wallahi. A dogon tsalle ba sa barin yaro ya zo da gudu haka nan ya faɗa yashi, sai ya auna takunsa daga katakon tashi zuwa baya ya manna tef a gefen layi, idan ɗan yatsan ƙafa ya wuce katakon an soke tsallen, kuma ana auna nisa ne daga sawun da ya fi kusa da katakon, shi ya sa koci kullum yana ihu kar ku dafa hannu a baya! Na ga wata yarinya ta yi tsalle mai kyau ta dafa baya, ya ja ta ya nuna mata sawun hannunta a yashi da inda awon zai tsaya, bai mata tsawa ba ko kaɗan.

Gudun miƙa sanda na 4x100 (mutum huɗu, kowa ya yi mita 100) ma haka, suna ta maimaita miƙawa cikin tazarar mita 30 da doka ta ba su har sai mai karɓa ya daina waiwaye. Batun tashi kafin bindiga kuwa sukan ba yaran labarin Usain Bolt da aka kora a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya da aka yi a Daegu, Koriya ta Kudu, a 2011, kuskure ɗaya tal, tun daga nan 'yata ta nutsu a wurin tashi. Kayan ma daidai da shekaru suke, ba a ba yaro ƙwallon ƙarfe na manya mai kilo 7.26, 'yan mata matasa kilo 3 suke jefawa. Kuma in yaro ya ce gwiwa ko dunduniya na masa ciwo, wanda ya zama ruwan dare ga masu tasowa, hutu suke ba shi su kira iyayensa, wannan ya kwantar min da hankali sosai.

Inda suka gaza shi ne ranar gasa. Jadawali ba ya fitowa sai dare ya yi a WhatsApp, wani lokacin a canza shi da safe, ka kawo yaro da wuri ya ɗumama jiki sannan a zauna ana jira har jikin ya huce kafin a kira zagayensa, ƙananan yara duk sun gaji sun fara kuka. Masu horarwa ma sun yi kaɗan a rukunin ƙanana, mutum ɗaya da yara cike da fili, gaskiya ya kamata su ƙara.

Takalmi mai ƙusoshi kar ku yi saurin saya, kambas mai kyau ya isa a farko tunda ƙafar yaro girma take yi kullum. Ku je ku kalli atisaye ɗaya tukuna, ku lura da yadda koci yake magana da yaron da ya zo na ƙarshe. Ni dai na sabunta rajistar 'yata, ƙaninta ma zai fara a zango mai zuwa in sha Allah.