Kafin ka sayo kayan koyar da ɗaukar hoto da fim a sakandare

Malamin da aka ɗora wa buɗe ajin ɗaukar hoto da fim yakan fara da tambayar wace kyamara ce ta fi kyau. Ni kuwa da za a tambaye ni, sai in ce a nemi wadda za a iya samun guda goma iri ɗaya. Idan ɗalibai ashirin suna riƙe da kyamarori iri bakwai, rabin darasi zai ƙare a kan "Malam, ni ina nawa maɓallin yake?"

Wadda ta yi suna a makarantu ita ce Pentax K1000, an yi ta ƙera ta daga 1976 har 1997. Tana ɗaukar hoto ko babu batir, ma'aunin haske kaɗai ke buƙatarsa, kuma ba ta yanke wa ɗalibi hukunci a kan komai. Shi zai zaɓi faɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawa, yana kallon wata 'yar allura har ta daidaita a tsakiya. Aibinta biyu. Sunan da ta yi ya sa ana tsawwala mata kuɗi, sannan ba ta da makunni, in yaro ya manta bai mayar da murfin gilashi ba, batir zai yi ta zurarewa. Ricoh KR-5 tana karɓar gilasai irin nata, aikinsu kusan ɗaya, kuma ba a rububinta.

Canon AE-1, ita ma ta 1976, tana da daɗin riƙo, amma da zarar batir ya mutu ta zama ƙarfe kawai. Tana kuma iya zaɓar ƙofar haske da kanta, kuma ɗan shekara 16 ba zai bar wannan sauƙin ya wuce shi ba. Olympus OM-1 ƙarama ce mara nauyi, sai dai an gina ma'auninta a kan batirin makuri da aka daina yi. Nikon FM2 ta 1982 ta fi su duka ƙarko, amma asara ce a saya wa ɗan koyo ƙiftawar 1/4000 na daƙiƙa. Gilashi ɗaya mai milimita 50 ya wadatar da kowace.

Tunda duk na hannu ne, kada ka biya sai ka buɗe bayanta. Shafa soson da ke gefen ƙyauren: in ya manne maka a yatsa kamar kwalta, haske zai riƙa shiga, amma gyaran mai sauƙi ne. Saita ta a daƙiƙa ɗaya, danna, ka kasa kunne. In ta yi jinkiri ko ta maƙale, ajiye ta. Haska tocila cikin gilashin, zare-zare kamar yanar gizo-gizo alamar fumfuna ce.

A wajen fim, baƙi da fari kawai. Mai launi yana son ruwa ya tsaya a wajen digiri 38 na ma'aunin Celsius ba ƙari ba ragi, baƙi da fari kuwa a 20 ake wanke shi, kuma yana yafe ƙananan kurakurai. Ilford HP5 Plus da Kodak Tri-X, dukansu masu ISO 400 (lambar saurin kama haske), suna jure kuskuren haske sosai. Kentmere 400 ya fi su araha, kuma ɗan koyo ba zai ga bambanci a wata uku na farko ba. Hattara da Ilford XP2: hotonsa baƙi da fari ne, amma da sinadaran fim mai launi ake wanke shi. Sayi mai ɗauka 24 maimakon 36, ɗalibi zai gama da wuri ya ga kuskurensa tun bai manta abin da ya yi ba.

Inda ake shan wuya shi ne naɗa fim cikin duhu a kwarkwaron da ake sa shi a tankin wanki. Na ƙarfe ba ya mutuwa, amma hannun da bai saba ba yakan lanƙwasa fim ya manne da juna. Na robar Paterson ya fi sauƙi, sharaɗinsa ɗaya, ya bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa fim ya cije a tsakiya, yaro yana gumi hannunsa cikin baƙar jaka. Don haka sayi kwarkwaro ninkin abin da tankunanka ke ci, musamman in aji na bin aji.

A sinadaran fito da hoto, D-76 gari ne da ake damawa da ruwan zafi, in an cika kwalba an toshe yakan kai wata shida. HC-110 ruwa ne mai ƙarfi, a tsiyayi kaɗan a sirka a ranar aiki, shi ya fi dacewa da ajin da ke haɗuwa jefi-jefi. Rodinal yana daɗewa ƙwarai, sai dai yana fito da tsakin fim mai ISO 400. Ruwan kafe hoto da aka gama amfani da shi yana ɗauke da azurfa, a tanadi jarkar tara shi, ba a zuba shi a magudana. A haɗa da hantsaki na kowane tiren wanke hoto, domin metol da ke cikin wasu sinadaran yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata.

Takarda ce za ta fi cin kuɗinka, nan ya kamata kasafi ya yi nauyi. Ɗauki mai rufin roba, wato RC, wadda ake ɗaurayewa cikin minti biyu. Ta zalla, marar rufin roba, tana iya cin awa guda a ruwa, an riga an kaɗa ƙararrawa. Injin faɗaɗa hoto kuma, Beseler ne ko Durst ko Omega, duba kawai ko ya zo da mariƙin fim da gilashinsa, don nemansu daban ciwon kai ne.

Jar fitilar ɗakin duhu ma sai an gwada ta. Ɗan haska takarda kaɗan a ƙarƙashin injin, ɗora mata kwabo, bar ta minti biyar a inda ɗalibai za su tsaya, sannan ka wanke. In da'irar kwabon ta fito, fitilar ta yi kusa ko ta yi ƙarfi, sai a matsar da ita ko a sake ƙwai.