Goɗiya ta ƙi ɗaukar ciki: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka?

Idan goɗiya mai daraja ta shekara biyu ana kai ta baye ba ciki, mai ita yakan ƙosa, kuma a wannan hali duk hanyar da aka ce ita ce ta zamani sai ya karɓa. Ni shawarata, kada ka biya kuɗin kowace hanya sai an gano inda matsalar take. Kafin a samu dukushi, sai ƙwai ya fito da lafiyarsa, ya haɗu da maniyyi a cikin bututun da ke kai shi mahaifa, ɗan tayi ya sauko mahaifa, mahaifar kuma ta riƙe shi kusan wata 11. Kowace hanyar da ake tallatawa, zango ɗaya ko biyu take tsallakewa daga cikin waɗannan.

Saboda haka kuɗin farko na bincike ne. Likitan dabbobi ya duba mahaifa da na'urar hoton ciki, ya ɗebi ruwanta a gwada ko akwai ƙwayoyin cuta, sannan ya tsinko ɗan naman bangon mahaifar a duba. Wannan tsinke shi ne mutane suka fi gudu, alhali shi ya fi faɗin gaskiya. A ma'aunin naman mahaifa da likitocin dabbobi Kenney da Doig suka fitar a 1986, goɗiyar da ta faɗa rukuni na ɗaya tana da damar haihuwa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, ta rukuni na uku kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Sau da yawa ma abin bai kai nan ba. Wata goɗiyar ruwa ne ke taruwa a mahaifarta bayan baye, sai a wanke, a yi mata allurar oksitosin ta fitar da shi. Wata kuma gabanta ne ya saki yana zuƙar iska da datti, ɗan ɗinkin da wani likitan dabbobi mai suna Caslick ya bayyana tun 1937 ya wadatar. Abin yana yi mini ciwo in ga an kashe dukiya a ɗakin gwaji kan goɗiyar da ɗinki kaɗai take buƙata.

Ɗura maniyyi da hannu ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Tana rage dattin da ke shiga mahaifa, tana kuma ba likita damar saita lokaci da fitar ƙwai. Sai dai a kula da irin maniyyin. Sabo ko wanda aka sanyaya, a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya fi dacewa da goɗiya mai matsala. Daskararre ba ya daɗewa bayan an narkar da shi, dole a ɗura shi 'yan sa'o'i kafin fitar ƙwai ko jim kaɗan bayanta, kuma tsohuwar goɗiya mai tara ruwa ba ta cika jure masa ba.

In ƙwai lafiya, bututu lafiya, amma ciki na zubewa, to dashen ɗan tayi ne maganarka. Ana ɗura wa goɗiyar maniyyi, a bar ta kwana 7 ko 8 bayan fitar ƙwai, sannan a zura roba ta bakin mahaifa, a hura ɗan balan-balan ya toshe hanya, a zuba ruwa na musamman lita-lita a dawo da shi ta matata. Abin da ya rage a gindin kofin shi ake kaiwa ƙarƙashin madubin likita, ana neman ɗan dunƙulen da bai wuce kan allura ba. In an dace, sai a dasa shi a mahaifar wata matashiyar goɗiya wadda lokacin fitar ƙwanta ya zo kusa da na uwar. Masu dawakin folo a Ajantina sun riƙe wannan hanya sosai, domin uwar tana ci gaba da wasa, wata na ɗaukar mata ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne, goɗiya ƙwai ɗaya take saki a kowane zagaye na kwana 21, kuma magungunan da ke sa saniya ta saki da yawa ba sa aiki sosai a kanta. Wanki ɗaya, dama ɗaya ke nan, kuma a tsohuwar goɗiya wanki da yawa kan fito ba komai. Sannan dole mahaifar uwar ta iya riƙe ɗan tayin na kwana ɗaya ko biyu. In ruɓaɓɓiya ce ƙwarai, ko bakinta ya yage, wannan hanya ma ba za ta fisshe ka ba.

A nan ne allurar maniyyi cikin ƙwai, wadda masu sana'ar ke kira ICSI, take shigowa. Ana zuƙo ƙwayaye kai tsaye daga mazauninsu da doguwar allura, a nunar da su a ɗakin gwaji, a soka wa kowanne ƙwayar maniyyi guda, a rene su kwana 7 zuwa 10, sannan a dasa ɗan tayin a mahaifar wata goɗiya. Ba ruwanta da bututun uwar, ba ruwanta da mahaifarta. An fara samun dukushi ta wannan hanya a 1996 a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, kuma ɗakin gwajin Avantea na Cesare Galli a Kiremona, Italiya, yana cikin waɗanda suka mayar da ita sana'a. Ana iya yi ko ba lokacin baye ba, ana daskarar da ɗan tayin a ajiye, maniyyi kaɗan ya isa, har ma goɗiyar da ta mutu yanzu-yanzu ana iya ciro ƙwayayenta. Amma ita ce mafi tsada a cikin hanyoyin da aka saba, zuƙa ɗaya kan ba da ɗan tayi ɗaya ko biyu, wani lokaci babu, kuma sakamakon ya danganta ƙwarai da hannun masu ɗakin gwajin.

Akwai abu ɗaya da babu hanyar da ke gyarawa, wato tsufan ƙwai. An gwada ɗaukar ƙwan tsofaffin goɗiyoyi aka sa a jikin matasa, duk da haka cikin da aka samu bai kai na ƙwan matasa ba. In goɗiyarka ta doshi shekara 20, ka lissafa kuɗin gwaji da yawa tun farko, ba ɗaya ba. Wanda tasa ke da sauran ƙuruciya kuma yana son jininta, ya tara 'yan tayi yanzu.

Kwafin halitta, wanda aka fara a doki da wata 'yar goɗiya mai suna Prometea a 2003, wata magana ce daban: uwar yake maimaitawa, ba ɗa yake ba ka daga ingarman da ka zaɓa ba.

Kafin ka sa hannu, tambayi ƙungiyar da ke rajistar jinsin dokinka. Masu rajistar Thoroughbred, wani jinsin dawakin tsere, ba sa karɓar dukushin da aka samu ta ɗuri, ko dashe, ko ɗakin gwaji, sai na bayen ingarma kai tsaye. Sannan ka sa a rubuta maka a takarda: kuɗin na kowane wanki ne ko na kowane ɗan tayi, wa ke ciyar da goɗiyar riƙo har ta yaye, kuma in cikin ya zube a wata na uku, a kan wa asarar take.